Na sabunta Ubuntu, firinta ta tsaya: a ina zan ga abin da ya canza?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da rajistar intanet a Tudun Wada, Gusau. Kwamfutocina huɗu ne, duk Ubuntu 24.04. Ranar Talata na sabunta su, washegari biyu suka ƙi aika aiki ga firinta, biyu kuma lafiya lau. Ta yaya zan san abin da ya canza, kuma ta yaya zan riƙa gani tun kafin in amince?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka goge komai tukuna, kada kuma ka sake ɗora Ubuntu. Na'urar ta rubuta duk abin da ta yi ranar Talata, sai dai a wurare biyu: ɗaya yana gaya maka abin da aka taɓa, ɗayan kuma dalilin taɓa shi. Da na farkon ake farawa.

Buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, a ɗaya daga cikin waɗanda suka lalace, ka rubuta less /var/log/apt/history.log, ka danna babban G ka sauka ƙasa. Kowane zama yana farawa da layin Start-Date, ya ƙare da End-Date. A tsakaninsu akwai layin Upgrade, inda za ka ga sunan kowane kunshin manhaja da lambobi biyu a baka: ta farko sigar da aka cire, ta biyu wadda aka saka. Nemo na ranar Talata. Tunda matsalar firinta ce, idonka ya tsaya kan duk abin da ya fara da cups, wato manhajar da ke kula da bugawa, sai hplip idan firintar HP ce, sai ghostscript, sai kuma linux-image a layin Install, domin sabon kernel, wato zuciyar tsarin da ke magana da na'urori, ba ya maye gurbin tsoho, a gefensa yake zama. Idan wata ya juya, tsohon bayani yana komawa history.log.1.gz, kuma da zless ake karanta shi.

Ga abin da ya kamata ka duba tun da wuri, ganin yadda wuta take a wajenmu: idan akwai Start-Date amma babu End-Date, an katse aikin ne a tsakiya, ko wuta ta ɗauke ko janareto ya mutu. A nan sabuwar siga ba ta da laifi, ba a gama saka ta ba ne. Maganinsa sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt -f install. Sau da yawa magana a nan take ƙarewa.

Duba layin Commandline ma. Idan ka ga unattended-upgrade a wurin, ba kai ka yi wannan zaman ba. Ubuntu yana saka gyare-gyaren tsaro da kansa, yana ajiye bayaninsu a /var/log/unattended-upgrades/. Mai yiwuwa abin da ya taɓa firintar ya shigo ne a ranar da ba ka danna komai ba.

Da zarar ka sami sunan da kake zargi, sai dalili. Rubuta apt changelog cups. Zai sauko da tarihin canje-canje, sabo a sama. Rubutu ne kawai, ba zai ci maka data da yawa ba. Ba duka za ka karanta ba: fara daga sama, ka tsaya inda ka ci karo da tsohuwar lambar da ka gani a history.log. Abin da ke tsakanin nan shi ne ya shiga na'urarka.

Lambar kanta tana magana. Ubuntu 24.04 ya fito da cups mai lamba 2.4.7-1.2ubuntu7. Sashen 2.4.7 na masu rubuta manhajar ne, 1.2 na Debian ne, wato tsarin da aka gina Ubuntu a kansa, ubuntu7 kuma na Ubuntu. Idan ka ga an ƙara ɗigo da lamba a ƙarshe kawai, faci aka yi wa tsohuwar manhaja, ba sabuwa aka kawo ba, saboda haka canjin ƙarami ne, kuma yawanci layi biyar zuwa goma ya bayyana shi. Inda aka rubuta SECURITY UPDATE da lambar CVE, wato lambar da ake ba kowace ɓarakar tsaro da aka sani, ɓarakar aka toshe. Misali sananne shi ne na Satumba 2024, lokacin da aka bayyana CVE-2024-47176 a cups-browsed, wato sashen da ke gano firintoci a kan netwok. Irin wannan gyaran yakan ƙara tsaurara abin da manhaja take karɓa, shi ya sa wani saitin da ya daɗe yana aiki zai iya tsayawa.

Dalilin da ya sa biyu suka lalace biyu suka tsira kuwa, kwatantawa ce za ta nuna. A mai aiki da marar aiki ka rubuta dpkg -l | grep -i cups, ka jera lambobin. Kada ka yi mamaki idan sun bambanta duk da rana ɗaya ka sabunta su. Gyaran da ba na tsaro ba, Ubuntu yana sakinsa kaɗan-kaɗan, yana farawa da kashi 10 cikin 100 na na'urori, har ya kai ga kowa. Idan kuma lambobin ɗaya ne, leƙa /etc/cups ka nemi fayil mai ƙarewa da .dpkg-old ko .dpkg-dist. Na farko yana nufin an ture saitinka an saka sabo, na biyu yana nufin an bar naka an ajiye sabon a gefe. Umarnin diff zai nuna maka layukan da suka saɓa.

Komawa tsohuwar siga yana yiwuwa da sudo apt install cups=lambar, bayan apt policy cups ya nuna maka waɗanda ke akwai, amma ba na ba da shawarar haka idan gyaran tsaro ne. Kwamfutar da kwastomomi ke soka mata filasha daga safe zuwa dare, wadda kuma takardun mutane ke wucewa ta cikinta, ba wurin barin ƙofa buɗe ba ce. Gara ka cire firintar ka sake ƙara ta. Idan kernel ne, zaɓi tsohon daga Advanced options a allon GRUB, wato jerin zaɓin da ke zuwa lokacin kunna kwamfuta, ka gwada.

Don gaba, ka saba da sudo apt update sannan apt list --upgradable, wanda zai jera abin da ke jira ba tare da ya saka komai ba. Ka kuma saka apt-listchanges, ka gudanar da sudo dpkg-reconfigure apt-listchanges, ka zaɓi both, ka amince ya riƙa tambayarka. Daga nan zai nuna maka canje-canje bayan an sauke kunshi, kafin a saka. Idan ka saka etckeeper kuma, zai riƙa ajiye tarihin /etc, inda fayilolin saiti suke, duk lokacin da apt ya yi aiki.

Firefox ba ya cikin wannan lissafin, domin tun Ubuntu 22.04 ta snap yake zuwa, wato wata hanyar saka manhaja dabam da apt, kuma snap yana neman sabo sau huɗu a rana. Nasa tarihin yana snap changes, kuma sudo snap revert firefox yana mayar da shi sigar baya. A shago mai kwamfuta huɗu, sabunta guda ɗaya da yamma, ka buga shafin gwaji, ka buɗe shafukan rajistar da kake aiki da su, sauran ukun su bi baya washegari.