Ƙwayar zuciya da ta mutu da wadda ta kwanta

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa turofonin, furotin da ke cikin tsokar zuciya, ke hawa a jinin mai sefsis, wato wanda cuta ta birkita garkuwar jikinsa har gaɓoɓinsa suka fara gazawa, ko wanda aka kwaso daga haɗari a hanyar Kaduna, alhali jijiyoyin zuciyarsa ba su toshe ba. Tsokar ta mutu ke nan? Wani lokaci ta mutu, wani lokaci kwanciya kawai ta yi.

Fara da wanda ya zubar da jini. Tsokar zuciya ba ta da rumbu, abin da jini ya kawo shi take ci nan take. Da zarar iskar oksijin ta yanke, cikin minti 1 zuwa 2 ƙwayar halittar tsokar ta daina matsewa, amma da ranta. Sai an kai minti 20 zuwa 40 ne take wuce gyara. A wannan tsakanin, famfon da ke fitar mata da sodiyam ya tsaya don ba makamashi, ruwa ya bi gishiri ya shiga, ta kumbura. Kalshiyam ya biyo baya ya cika ta har cikin maitokondiriya, murhun da ke dafa mata makamashin. Daga nan fatarta ta yage, abin cikinta ya zube cikin jini. Shi ne turofonin da kake gani bayan awa 3 zuwa 6. Tsokar can ciki, mai daf da ramin zuciya, ita ke fara tafiya, kamar gidan da ke ƙarshen bututu ranar da ruwa ya yi ƙaranci. Kada ka manta kuma, zuciya tana shan nata jinin ne lokacin da ta saki. Bugu 140 a minti ba ya barin ta ta sha.

Abin da ke damun mu shi ne jinin da ka maido ma kan ƙarasa ƙwayar da ta galabaita, domin oksijin da ya dawo kwatsam yana huda maitokondiriya. Wannan ba hujjar jinkiri ba ce. Tsawon yankewar ne ke ƙara ɓarnar.

Akwai kuma mutuwar shiru: ƙwayar ta motse, ta gutsuttsure kanta, a share ta ba tare da kumburi ba.

Sefsis lamarinsa daban ne. Garkuwar jiki ta watsa sinadaran kumburi, jijiyoyi su saki, ƙwayar zuciya ta rage jin kiran kalshiyam da adirinalin, masu sa ta matsewa, ta rage aiki don ta tsira. A hoton zuciya za ka ga ta buɗe tana matsawa da ƙyar, turofonin ma ya ɗan yoyo, amma ƙwayoyin da suka mutu kaɗan ne. Wanda Allah ya tashi kafaɗarsa, yawanci ƙarfin zuciyarsa kan dawo cikin kwana 7 zuwa 10.

Naka shi ne ka hana kwanciyar ta zama mutuwa. Ɗebi jini a kai gwajin ƙwayoyin cuta, a ba da maganin kashe su cikin awar farko. Ƙarin ruwa wajen mililita 30 kan kowane kilo cikin awa 3, amma kunnenka na kan huhu. Mai jegon da ta sha kunun kanwa da yawa, zuciyarta ba lallai ta ɗauki wannan ruwa ba, abin da likitocin Zariya suka daɗe da sani. Matsakaicin ƙarfin jini ya tsaya a 65 a ma'aunin hawan jini, in ruwa bai kai shi ba a sa noradirinalin, maganin da ke matse jijiyoyi. Kada ka zabga shi, yawansa kan sa ƙwayoyin zuciya su ƙanƙame su mutu. Fitsari ya kai rabin mililita kan kilo a awa. Wanda kuwa gini ko mota ta danne, duba fotashiyam ɗinsa, wani gishirin jini, tun da wuri: fotashiyam ɗin da ya fito daga murƙushasshiyar tsoka yana tsayar da zuciya ko da ƙwayoyinta lafiya lau.

Ƙwayar zuciyar da ta mutu kam ba ta da magaji. Cikin mako 6 zuwa 8 tabo ne ke cike gurbinta, shi kuwa ba ya matsewa.