Imani, zunubi da alhaki: abin da bakin Bahaushe ya riga ya rarrabe

Tambayoyi huɗu na haɗa a wannan karon. Mutane daban-daban ne suka aiko su, amma da na jera su sai na ga duk abu ɗaya suke zagayawa: ina matsayin mai laifi a wurin Allah, kuma ina aikinsa na alheri yake zuwa?

Wata baiwar Allah ta ce: "Malam, wani mutum ya yi wa ƙaramin yaro dukan kawo wuƙa, sai na ji jama'a suna cewa ba shi da imani. Mutumin nan Musulmi ne, yana salla. Wannan ba kafirta shi aka yi ba?"

A'a, Malama, ba a kafirta shi ba. Kalmar imani ma'ana biyu take ɗauke da ita a Hausa. Ta farko ita ce wadda ta zo da ita daga Larabci, wato gaskata Allah da Manzonsa da sauran shika-shikan imani. Ta biyu kuwa tausayi ce. Idan aka ce "kisan rashin imani" ko "marar imani", ba aƙidar mutum ake tuhuma ba, bushewar zuciyarsa ake nufi. Shi ya sa za ki ji an ce wa Musulmi marar imani, a kuma ce wa wanda ba Musulmi ba "mutumin nan akwai imani" don an ga ya ji ƙan wani.

Ni wannan ma'ana ta biyu ba na ganin ta a matsayin karkatar da kalma. Saiwar da imani ya fito daga cikinta ita ce ta ba mu aminci da amana da amini da mumini. Akwai hadisi a Buhari inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rantse sau uku cewa wani bai yi imani ba. Aka tambaye shi, wane ne? Ya ce wanda maƙwabcinsa bai amintu daga sharrinsa ba. A Larabcin hadisin, "yin imani" da "amintuwa" daga saiwa ɗaya suke. Malamai sun fassara shi da cewa cikar imanin ce aka kore, ba tushensa ba. To, daidai wannan wurin Bahaushe ya tsaya.

Wannan tambaya taki ta raba kan Musulmi tun ƙarni na farko. Hawarijawa suka ce wanda ya yi babban zunubi ya fita daga Musulunci. Murji'awa, musamman masu wuce gona da iri a cikinsu, suka ce zunubi ba ya taɓa imani ko kaɗan. Mu'utazilawa suka ajiye mai babban zunubi a tsakiya, ba mumini ba, ba kafiri ba. Ahlus Sunna suka ce mumini ne mai tauyayyen imani. Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya rubuta a gabatarwar Risala cewa imani furuci ne da harshe da tsarkin zuciya da aiki da gaɓoɓi, yana ƙaruwa da ƙaruwar ayyuka, yana raguwa da raguwarsu, kuma ba a kafirta kowa daga ma'abota alƙibla saboda zunubi. Dubi aya ta 9 a Suratul Hujurat: ƙungiyoyi biyu sun zare wa juna makami, amma Allah bai fasa kiran su muminai ba.

Wani ɗalibi ya tambaya: "Mene ne bambancin zunubi da saɓo da laifi da alhaki? Ko duk abu ɗaya ne?"

Ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne nake son mu ɗan daɗe.

Zunubi aro ne. A Larabci tilonsa "zanb", jam'insa "zunub". Bahaushe ya ɗauki jam'in ya mayar da shi tilo, sannan ya ƙera masa sabon jam'i, zunubai. Haka ya yi wa mala'ika, wadda ita ma jam'i ce a Larabci, amma mu muke cewa mala'ika ɗaya, mala'iku da yawa. Saɓo kuwa tamu ce ta gida, daga "saɓa", wato bin hanyar da ta sha bamban da wadda aka shata. Daga nan ne saɓani da saɓa alkawari suka fito. Ina roƙon masu rubutu su riƙa sa wa "ɓ" ƙugiyarta, domin sabo da Allah daban, saɓon Allah daban, kuma ba ƙaramin kuskure ba ne a rubuta ɗaya a madadin ɗaya.

Laifi ya fi su faɗi. Masu nazarin harshe suna mayar da shi ga kalmar Larabci "al'aib", wadda muka sake arowa daga baya a matsayin aibi. Yana cikin tsofaffin kalmomin da suka shigo da "l" ɗinsu ta manne musu, irin su labari da lafiya da lahira da liman. Yaro yana iya yin laifi ba tare da an rubuta masa zunubi ba, tunda bai balaga ba. Mutum kuma yana iya yin zunubi a cikin zuciyarsa, kamar hassada ko girman kai, ba wanda zai kama shi da laifi. Karin maganar nan, "laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani", ba a sa zunubi a cikinsa ba, don laifi shi ne abin da idon mutane yake gani.

Alhaki shi ne mai nauyin. Daga "alhaƙƙ" yake, wato hakki. Amma lura da yadda Hausa ta raba aiki: hakki shi ne abin da kake bin wani, alhaki shi ne abin da ya hau wuyanka don ka danne hakkin wani. Ba a cewa mutum ya ɗauki alhakin Allah don ya bar salla, zunubi ya yi. Amma in ya cinye kuɗin maraya, ko ya hana ɗan ƙwadago ladan guminsa, ko ya yi wa wata ƙazafi, sai a ce ya ɗauki alhaki. Kullum alhaki yana da mai shi, akwai wani da yake kuka a bayansa.

Shi ya sa aka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ba a ce kare ba. Babban kare kana iya korar sa ya tafi. Ɗan kwikwiyo kuwa ko ka jefe shi, ka juya ka gan shi yana biye da dugaduganka har ƙofar ɗaki, a gaban baƙinka. Wani abin sha'awa, malaman luggar Larabci sun lura cewa "zanb" da "zanab", wato wutsiya, saiwarsu ɗaya: abin da yake bin mutum a baya. Harsuna biyu, kowanne da hanyarsa, suka isa ga hoto kusan iri ɗaya.

Wannan rarrabewa tana da tushe a addini. Abin da yake tsakanin bawa da Ubangijinsa, in bai kai shirka ba, yana ƙarƙashin ganin damar Allah, kamar yadda aya ta 48 a Suratun Nisa'i ta nuna. Abin da yake tsakanin bawa da bawa kuwa sai an biya. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Annabi ya tambayi sahabbai ko sun san wane ne matsiyaci. Suka ce wanda ba shi da kuɗi ba shi da kaya. Ya ce matsiyacin al'ummarsa shi ne wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, ya ci dukiyar wannan, ya zubar da jinin wancan, ya doki wani. Sai a riƙa ɗibar ladansa ana ba su. In ya ƙare ba a gama biya ba, a kwaso zunubansu a jibga masa, sannan a jefa shi wuta. Abin da yake tayar mini da hankali a hadisin nan shi ne ba a ce ba a karɓi sallarsa ba. An karɓa, ta zama lada, sannan masu bin bashi suka rabe ta.

Wani matashi ya rubuto: "Malam, akwai wani zunubi da na kasa rabuwa da shi. In tuba, in koma, in tuba, in koma. Wani abokina ya ce tuban muzuru nake yi, kuma sallata ba ta da amfani. Har na fara tunanin in daina sai ranar da na shiryu."

Ɗana, kada ka daina. Ko raka'a ɗaya kada ka bari.

Abokinka bai fahimci karin maganar da ya jefe ka da shi ba. Cikonsa shi ne "tuban muzuru, kaza a baki". Muzurun yana cewa na tuba alhali bai saki kazar ba, kuma ba shi da niyyar saki. Wannan shi ne wanda yake istigfari da harshe, zuciyarsa tana lissafin yaushe zai koma. Wanda ya saki, ya yi nadama ta gaskiya, ya ƙudurta ba zai sake ba, sannan rauni ya rinjaye shi bayan kwana biyu, wannan ba muzuru ba ne, ɗan Adam ne. Sharuɗan tuba da malamai suka lissafa su ne barin laifin, da nadama, da ƙudurin ƙin komawa, da mayar da hakki in na wani ne. Ba su sa sharaɗin cewa dole ka san gobe ba. Buhari da Muslim sun kawo hadisin bawan da ya yi zunubi ya nemi gafara, ya sake yi ya sake nema, har sau uku, kowane karo Allah yana cewa bawana ya san yana da Ubangiji mai gafarta zunubi, mai kuma kamawa da shi, kuma ya gafarta masa.

Batun salla kuwa, akwai kalmomi biyu da mutane suke cakuɗawa: inganci da karɓuwa. Inganci magana ce ta fiƙihu. In ka cika sharuɗa da rukunai, salla ta inganta, farilla ta sauka daga wuyanka. Karɓuwa kuwa, wato samun lada da yardar Allah, wannan ba wanda yake da littafinta a hannu, ba abokinka ba, ba ni ba. Ko a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin boka ya tambaye shi ba za a karɓi sallarsa ta dare 40 ba, malamai sun ce ladan ne ya rasa, ba a ɗauke masa sallar ba, kuma in ya bar ta ya ƙara wa kansa wani zunubin da ya fi na farko.

Na san ayar da ake tsorata irinku da ita, ta 27 a Suratul Ma'ida, inda ɗan Annabi Adam ya ce wa ɗan'uwansa Allah yana karɓa ne kawai daga masu taƙawa. Da ana nufin sai wanda ba ya zunubi sam, da ba wanda za a karɓi aikinsa bayan annabawa. Malaman Sunna da yawa sun fassara ta da wanda ya ji tsoron Allah a cikin wannan aikin da yake yi, ya yi shi don Allah kuma yadda aka koyar. Sai ka haɗa ta da aya ta 114 a Suratu Hud, mai cewa kyawawan ayyuka suna tafiyar da munana. Ibnu Mas'ud ya ba da labarin cewa wani mutum ne ya sumbaci matar da ba tasa ba, ya zo ya faɗa wa Annabi, ayar ta sauka. Farkon ayar umarni ne da tsai da salla. Wato mai laifin sallar aka tura shi, ba a kore shi daga gare ta ba. Wanda ya ce sai ya tsarkaka zai yi salla, kamar mai cewa sai dauɗa ta fita zai taɓa ruwa ne.

Tambaya ta ƙarshe: "An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma malamai suna cewa aiki yana iya lalacewa. Wanne za mu ɗauka?"

Duka biyun. Danƙo in ya faɗi sai ya ɗauko wani abu, haka alheri ba ya tashi hannu wofi, kuma ƙarshen Suratuz Zalzala ya tabbatar da cewa ko gwargwadon ƙwayar zarra ne mutum zai gan shi. Matar nan mazinaciya da ta cire takalminta ta ɗebo wa kare ruwa a rijiya aka gafarta mata, labarinta yana cikin Buhari da Muslim.

Sai dai mai alherin yana iya kashe danƙon da hannunsa. Shirka tana rushe aiki gaba ɗaya, kamar yadda aya ta 65 a Suratuz Zumar ta faɗa. Riya tana ɓata aikin da ta shiga. Asalinta a Larabci daga "gani" ne, shi ya sa fassararta mafi dacewa ita ce tamu ta "ganin ido". Kada a rikita ta da ɗaya riyar, ta "na riya a raina", wannan aikatau ne mai nufin ayyana abu a zuci. Sai gori, wanda aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana a ɓata sadaka da shi da cutarwa. Gori ya fi riya ba ni tsoro ta wata fuska, domin yana iya zuwa bayan shekara goma: ka yi kyauta don Allah, ran da aka ɓata maka rai ka ce "ba don ni ba, da yanzu kana ina?"

Wannan ne ya sa ba mu cewa wanda ya gama ibada "an karɓa", sai dai "Allah ya karɓa". Roƙo ne, ba labari ba. Annabi Ibrahim da Annabi Isma'il suna cikin ɗaga harsashin Ka'aba suke cewa Ubangijinmu ka karɓa mana, a aya ta 127 ta Baƙara. Da Nana A'isha ta karanta aya ta 60 a Suratul Mu'minun, mai maganar waɗanda suke bayarwa zukatansu na tsorace, ta tambayi Annabi ko masu shan giya da sata ake nufi. Ya ce a'a, 'yar Siddiƙu, masu azumi da salla da sadaka ne, suna tsoron kada a ƙi karɓa daga gare su. Tirmizi ne ya ruwaito shi.