Ni kaɗai nike addu'a, ko in gaya ma 'yan majami'a?

Tambaya: Baba Fasto sannu da aiki. Ni 'yarka ce daga Tahoua, maigidana wata uku yana kwance, har asibitin Galmi munka kai shi, ina ta addu'a ni kaɗai cikin dare amma kunya nike ji in faɗa a majami'a kar a ce roƙo nika zo yi. Wai addu'ar taro ta fi ta mutum guda ne?

Amsa: Ɗiyata, Allah ba ya ƙirga kawuna kafin ya ji, taki ma tana isa. Amma duba Ayyukan Manzanni sura 12, Bitrus na kurkuku ikilisiya ta taru gidan Maryamu uwar Markus suna addu'a, da mala'ika ya fidda shi ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa wata yarinya mai suna Roda ta gaya musu sunka ce ta haukace, kin ga su ma bangaskiyar tasu da saura, duk da haka anka amsa musu. Kuma wanda ya yi addu'a da ke a taron addu'a na Laraba da marece shi ne zai tuna ya kawo miki tiya guda ta hatsi ko jikka biyu na magani, wannan ba roƙo ba ne. Ki fara da shugabar zumuntar mata, kuma don Allah kar a bar shan maganin likita.