An kulle mana kwamfutoci ana neman kuɗin fansa, ina doka take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A wurin aikinmu an wayi gari kwamfutoci sun ƙi buɗewa, sai wani saƙo a allo wai mu biya da Bitcoin kafin a sakar mana bayananmu. Shin babu dokar da ke kare mu ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba. Abin da ya same ku garkuwa ce da bayanai: wata muguwar manhaja ta shiga, sau da yawa ta hanyar saƙon imel na yaudara ko kalmar sirri da aka sace, ta rikita fayilolinku yadda ba su karantuwa sai da mabuɗin da ke hannun ɓarayin.

Doka tana nan. Ƙasashe da dama sun haramta kutse da ƙwacen kuɗi ta intanet. Matsalar ita ce hannun hukuma ba ya tsallake iyaka, ɓarawon kuwa yana wata ƙasa, uwar garkensa (babbar kwamfutar da yake aiki ta cikinta) a wata, kuɗin na yawo a wata daban. Yarjejeniyar Budapest ta 2001 an yi ta ne don ƙasashe su taimaki juna wajen yaƙi da laifukan intanet, amma Rasha da Sin ba sa ciki, kuma kundin tsarin mulkin Rasha ya hana miƙa ɗan ƙasa ga kotun waje. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tata yarjejeniyar a Disamban 2024, sai dai rubutu daban, kama mutum daban.

Giɓin da ya fi damuna shi ne na wanda aka zalunta. Yawancin dokokin nan hukunta mai laifi suka sa gaba, ba mayar wa mai asara haƙƙinsa ba. Wani lokacin ma ku za a tuhuma, in bayanan abokan hulɗarku suka fita saboda sakaci. A Amurka kuwa, biyan ƙungiyar da aka ƙaƙaba wa takunkumi laifi ne.

Kamfanin bututun mai na Amurka, Colonial Pipeline, ya biya masu irin wannan garkuwa kusan dala miliyan 4.4 a 2021, hukumar FBI ta ƙwato masa wani kaso. Ƙaramin ofis da wuya ya samu wannan gata.

Ni dai ba na ba ku shawarar biya, domin ba tabbas za su ba da mabuɗin. Ku cire na'urorin daga intanet, kada ku goge komai don hujja ce, ku kai rahoto ga hukuma, sannan ku leƙa shafin No More Ransom da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, da abokan aikinta suka buɗe a 2016, inda ake samun mabuɗan wasu nau'o'in wannan manhaja kyauta. In kuna da kwafin bayananku a ajiye a gefe, daga nan za ku farfaɗo.