Yadda ake lissafa karkatar tubalan ferobskait idan an matse shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun fiziks a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. An ce idan aka shimfiɗa ferobskait siriri a kan wani kiristal, tubalansa na karkata. Ta yaya ake lissafa wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ferobskait nau'in kiristal ne da ƙwayoyin zarrarsa ke jere cikin ƙananan tubala. Mu ɗauki SrTiO3, wani ferobskait mai ɗauke da sitirontiyam, titaniyam da oksijin. Kowace ƙwayar titaniyam tana zaune tsakiyar ƙwayoyin oksijin 6, a siffar dala biyu da aka haɗa gindinsu, fuska takwas ke nan; wannan siffar ita ce tubali. Kowane tubali yana tarayya da maƙwabcinsa a kan oksijin ɗin kusurwa, don haka idan wannan ya juya dama, na gefensa dole ya juya hagu.

Kin san ƙyauren ƙarfe mai naɗewa da ake sa wa shaguna a Babbar Kasuwa? Idan an tura shi, sandunan ba sa gajarta, mahaɗansu ne ke lanƙwasa. To, idan tazarar ƙwayoyin kiristal na ƙasa ta fi ƙanƙanta, sai ya matse na sama, na saman kuma ya lanƙwasa mahaɗansa, wato tubalansa su karkata.

Ki ƙaddara tubalin ba ya sauya siffa. Idan ya juya da kusurwa θ a kan sandar tsaye (layin da aka ƙaddara ya ratsa tsakiyarsa daga sama zuwa ƙasa), sabon faɗi shi ne faɗin asali sau cos θ. A digiri 10 za ki samu 0.985, wato raguwar kashi 1.5 cikin 100. Ki juya lissafin: matsin kashi 1 yana neman kusan digiri 8. Idan ja aka yi maimakon matsi, karkatar ta fi komawa kan sandunan kwance.

Masanin kiristal Glazer ya tsara salon karkata 23 a 1972, wasu masana biyu, Howard da Stokes, suka taƙaita su zuwa 15 a 1998. A tsarin Glazer, alamar + na nufin layin sama ya juya yadda na ƙasa ya juya, alamar − kuma akasin haka. SrTiO3 yana shiga salon a⁰a⁰c⁻, wato babu juyi a kan sandunan kwance biyu (⁰), sai a kan ta tsaye da alamar −, idan sanyi ya kai ƙasa da kelbin 105 (kusan digiri 168 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos).

Abin da nake so ki riƙe da kyau: tubalin gaske yana ɗan miƙewa da motsewa, yana ɗaukar rabonsa na matsin, shi ya sa kusurwar da aka auna kan gaza wadda cos θ ya ba ki. Kada ki miƙa lissafinki sai kin gwada shi da awon hasken eksire, domin bambancin 'yan digiri kan sauya yadda lantarki ke gudana a cikinsa.