Ƙarar Ƙyas-ƙyas a Saman Injin Mota

Tambaya: Malam, injin motata yana ƙarar ƙyas-ƙyas da safe, amma tana ɓacewa idan ya yi zafi. Mene ne dalili?

Amsa: Galibi daga tafet ne, wani ɗan ƙarfe a saman inji wanda baƙin mai ke cikawa domin ya toshe tazarar da ke tsakaninsa da bawul (ƙarfen da ke buɗewa da rufe hanyar shigar iska da fitar hayaƙi), kuma idan mota ta kwana man yakan tsiyaye, sai tafet ɗin ya yi ta ƙara har famfo ya sake turo man. Ka duba ma'aunin baƙin mai, ka canza filta da mai mai kaurin da kamfanin motar ya tsara. Idan ƙarar ta ƙi tafiya, makaniki ya ɗora sukundireba a murfin bawul, ya kara kunne a mariƙinta, ya gano tafet ɗin da ya lalace. Bugu mai nauyi daga ƙasan injin kuwa, a ganina, ba ya jiran gobe: ka kashe motar nan take.