Ga wadda ɗanta ya faɗo daga lilo ranar Sallah

Wallahi 'yar uwa, ina karanta tambayarki gabana na faɗuwa. Kin ce yaronki ya faɗo daga lilo a wurin wasan yara, hannu ya karye, mai wurin ya ce ƙaddara ce, ko kina da haƙƙin neman diyya. Kina da shi. Allah ya ba shi lafiya.

Ni ma irin wannan ya same ni, bana shekara biyu ke nan. Sarƙar lilo ce ta datse wa 'yata ɗan yatsa a irin wannan wuri nan cikin Katsina, tana da shekara shida. Har yau ina ganin lallen Sallar da na sa mata, jini ya shafe shi. Da mayafina na naɗe hannun. Mai wurin yana zaune kan farar kujerar roba yana ƙirga kuɗin tikiti, ko motsi bai yi ba, sai cewa ya yi, "Hajiya, ai ke ya kamata ki riƙe 'yarki." Ni da na biya kuɗin shiga! Wai ni zai koya wa riƙon ɗa. Kashegari ya turo ƙanensa da dattawa biyu, da katan ɗin lemo, da naira dubu ashirin, da wata takarda. Baban yara ya ji nauyin furfurarsu ya sa hannu. Sai daga baya lauya ya karanta mana, ashe mun yafe komai ke nan. Kuɗin asibiti kaɗai ya ninka abin da suka kawo sau huɗu.

Don Allah kada maigidanki ya sa hannu a kowace takarda yanzu, ko wa ya rako ta. Ko a shari'ar Musulunci ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga abin da ya bari. Malaminmu na Islamiyya ne ya gaya mini diyyar yatsa guda raƙuma goma ce, ranar ban iya cin abinci ba. Amma dangin miji kullum "a bar wa Allah". Yafiya kyau gare ta, sai dai haƙƙin yarinya ne, ba nasu ba.

Ki sa wani ya ɗauko hoton lilon yau ɗin nan. Namu kwana uku aka kira mai walda ya gyara, aka shafe da fenti. In ma za ku je wurin mai ɗori, a fara yin hoton ƙashi a asibiti, ki karɓi rahoton likita, ki adana kowane rasit, har na magani. Waɗanda abin ya faru a gabansu ki nemi lambobinsu, mutane saurin mantuwa gare su in an ambaci kotu. A kai rahoto wurin 'yan sanda.

Ki bincika wurin na wane ne. In na gwamnati ne, akwai dokar kare jami'anta da ke rufe ƙofar ƙara bayan wata uku, kada ki zauna jiran sulhu har lokaci ya ƙure. In babu kuɗin lauya, ki nemi ofishin Legal Aid ko lauyoyi mata na FIDA. Sulhu wurin mai unguwa ba laifi ba ne, amma ki je da rasit ɗinki a hannu.

Ki riƙa lura da barcinsa kuma. Tawa ta fi wata biyu tana firgita cikin dare, har yanzu in za mu bi ta hanyar wurin sai ta rufe fuska da hijabi.